Ta yaya jiki yake ƙera garkuwar cutar da bai taɓa gani ba?

Wata ɗaliba mai karatun aikin jinya ta aiko da tambaya mai rassa biyu. An koya musu cewa umarnin ƙera furotin da ke rubuce a cikin DNA na ɗan Adam bai wuce kimanin 20,000 ba, an kuma koya musu cewa jiki yana iya ƙera antibodi, wato furotin da ke kama ƙwayoyin cuta, iri-iri har biliyoyi, kowanne da abin da yake kamawa. To, daga ina umarnin ƙera sauran yake fitowa? Ko kuwa jiki yana jira ne ƙwayar cuta ta shigo, ya auna siffarta, sannan ya ƙera abin da ya dace da ita?

Malama, wannan lissafi da ya ƙi fita miki ya daɗe yana ƙin fita ga manyan masana, domin tun zamanin Paul Ehrlich a wajajen 1900 ake muhawara a kansa, kuma ba a sami hujjar da ta raba gardama ba sai a 1976. Amsar ita ce, fararen ƙwayoyin jini da ake kira B da T suna yanka DNA ɗinsu da kansu, su harhaɗa gutsattsarinsa ba bisa wani jeri da aka ƙayyade ba, har kowace ƙwaya ta fito da umarnin da babu irinsa a jikin uwar mutum ko ubansa. Suna yin haka ne tun kafin su haɗu da wata cuta, saboda haka idan cutar ta shigo, a cikin abin da aka riga aka tanada ake samun wanda ya dace da ita.

DNA dogon rubutu ne mai haruffa huɗu, A, C, G da T, wanda aka naɗe a cikin kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Yankin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda shi zan riƙa kira sadarar gado. Shi kuwa antibodi furotin ne mai siffar gwafa, an gina shi da manyan sarƙoƙi biyu da ƙanana biyu. Gindin gwafar kusan iri ɗaya ne a tsakanin antibodi masu aji guda, amma bakunan rassan biyu, inda ƙarshen babbar sarƙa ya haɗu da ƙarshen ƙarama, su ne suke bambanta, kuma da su ake kama baƙon abu. Duk tambayarki a kan waɗannan bakuna take.

Abin da ya fara ɗaure wa masana kai shi ne aikin Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini na A, B da O. A shekarun 1920 da 1930 ya riƙa liƙa wa furotin wasu sinadarai da aka haɗa a ɗakin gwaji, waɗanda babu su a jikin wata halitta, yana yi wa zomaye allurarsu. Zomayen suka ƙera antibodi da ke kama waɗannan sinadarai daidai, har yana bambanta biyu da suka yi kama ƙwarai da juna. Ba za a ce zomo ya gaji umarnin kama abin da kakanninsa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, shi ya sa a 1940 Linus Pauling ya kawo zato irin naki, cewa antibodi yana ɗaukar siffar baƙon abu ne kamar yadda ɗanyen yumɓu yake ɗaukar siffar abin da aka danna a kansa. Zato ne mai ma'ana, amma gwaji ya rushe shi. A shekarun 1960 aka warware naɗin antibodi, aka bar shi ya sake naɗewa ba tare da baƙon abun yana kusa ba, ya koma kama abin da yake kamawa tun farko. Ashe siffar tana cikin jerin ginin furotin ɗin. Tun a 1957 Macfarlane Burnet na Ostireliya ya riga ya faɗi abin da ya tabbata daga baya: kowace ƙwaya tana ɗauke da irin antibodi guda a samanta, wadda nata ya dace da baƙon da ya shigo ita ce take hayayyafa.

Sai dai maganar Burnet ba ta faɗi inda siffofin suke fitowa ba. A 1965 William Dreyer da Claude Bennett suka ce wataƙila sadarori biyu ne suke haɗuwa su ba da sarƙa guda, kuma ba a karɓi maganar da sauƙi ba, domin a lokacin an ɗauka DNA ɗin kowace ƙwayar jiki iri ɗaya ne daga haihuwa har mutuwa. A 1976, a birnin Basel na Suwizalan, Susumu Tonegawa ɗan ƙasar Jafan da abokin aikinsa Nobumichi Hozumi suka kwatanta DNA na ɗan tayin ɓera da na sankarar ƙwayoyin B na ɓera, waɗanda ke ƙera antibodi iri guda. A ɗan tayi, yankin da ke ba da bakin sarƙa da wanda ke ba da gindinta suna nesa da juna, a ƙwayoyin da suka balaga kuwa sun matso wuri ɗaya. Wannan aiki ne ya sa aka ba Tonegawa kyautar Nobel a 1987.

Ga yadda abin yake a jikin mutum. A kuromosom na 14, inda umarnin babbar sarƙa yake, babu sadara cikakkiya. Abin da ke wurin jerin gutsattsari ne kashi uku: kimanin 40 masu aiki da ake kira V, kimanin 23 da ake kira D, da 6 da ake kira J. Ƙwayar B da ke girma a cikin ɓargo tana yin aikin tela ne wanda ke da tarin yadi uku: ta ɗauki ƙyalle ɗaya daga D ta ɗinka da ɗaya daga J, sannan ta ɗauko ɗaya daga V ta ɗinka a gaba, abin da ke tsakani kuma a yanke shi a zubar, ba ya dawowa. Idan kika ninka 40 sau 23 sau 6, za ki sami 5,520. Ƙaramar sarƙa iri biyu ce, ɗaya mai suna kappa a kuromosom na 2, ɗaya mai suna lamda a kuromosom na 22, kuma ba su da D. Ta farko tana da V kimanin 40 da J 5, wato 200, ta biyu tana da V kimanin 30 da J 4 ko 5, wato 120 ko sama da haka kaɗan. Tun da kowace babbar sarƙa tana iya haɗuwa da kusan kowace ƙarama, 5,520 sau 320 ya kusa miliyan 1.8, kuma duk wannan daga gutsattsarin da ba su kai 200 ba.

Almakashin da ke wannan yanka, furotin ne guda biyu, RAG1 da RAG2, waɗanda David Schatz da Marjorie Oettinger suka gano a ɗakin binciken David Baltimore a Amurka, a 1989 da 1990. Ba ko'ina suke yanka ba. A gefen kowane gutsure akwai alama mai haruffa 7 da wata mai haruffa 9, a tsakaninsu tazarar haruffa 12 ko 23, kuma almakashin ba ya haɗa gutsattsari biyu sai ɗaya yana da tazarar 12, ɗayan yana da 23. A babbar sarƙa V da J duk 23 gare su, D kuma 12 gare shi a ɓangarorinsa biyu, shi ya sa ba a tsallake D.

Miliyan 1.8 bai kai biliyoyin da aka koya muku ba, kuma nan ne wurin da na fi so ɗalibai su tsaya su natsu, domin mafi yawan bambancin daga bakin ɗinki yake fitowa. Idan RAG ya yanka, igiyoyin DNA biyu da ke bakin yankan sukan lanƙwasa su liƙe da juna. Wani furotin mai suna Artemis ne yake buɗe liƙin, kuma ba a wuri ɗaya yake buɗewa kullum ba. Daga nan a ɗan datse haruffa kaɗan daga wannan baki ko wancan. Sannan wani furotin da ake kira TdT ya zo ya ƙara sababbin haruffa waɗanda ba daga wani rubutu ya kwafo su ba, wani lokaci ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye da goma, kafin a ɗinke. Ƙwayoyi biyu za su iya ɗaukar V ɗaya da D ɗaya da J ɗaya, amma su fito da antibodi daban saboda ɗinkinsu ya bambanta. Abin lura kuma, wannan wurin ɗinki shi ne yake faɗawa a tsakiyar bakin gwafa, daidai inda ake taɓa baƙon abu. Da wannan ne adadin siffofin da za su yiwu yake haura biliyan 100.

Wannan hanya tana da asara mai yawa. Ana karanta DNA ne haruffa uku-uku, kamar a rubuta YAU INA CAN; idan aka cire harafin farko aka sake rabawa uku-uku, sai ya koma AUI NAC AN, ma'ana ta ɓace. Tun da datsewa da ƙarin haruffa ba sa bin ƙidaya, kusan ɗinki biyu cikin uku lalacewa suke yi. Ƙwayar da ta ɓata kuromosom ɗin da ta gada daga ɗaya daga cikin iyaye tana da damar gwada na ɗayan, idan shi ma ya lalace ta mutu. Idan kuwa ta dace, nan take ake dakatar da yankan ɗaya kuromosom ɗin, don kada ƙwaya guda ta ɗauki antibodi iri biyu. Sai ta rabu sau da dama, 'ya'yan kowace ta ɗinka ƙaramar sarƙarta. Bayan haka akwai jarrabawa: tun da a makance aka ƙera siffar, tana iya dacewa da naman jikin mutum kansa. Ƙwayar da ta kama abin gida da ƙarfi a cikin ɓargo, ko dai ta sake ɗinka wata ƙaramar sarƙar, ko a kashe ta, ko a bar ta a kasale.

Ƙwayoyin T ba sa sakin antibodi cikin jini. Abin da suke da shi furotin ne kafe a samansu, wanda zan kira malalubi, domin da shi suke laluben sauran ƙwayoyin jiki. Sadarorinsa sun yi wuyar samu har sai 1984, lokacin da Mark Davis a Amurka da Tak Mak a Kanada suka gano su. Sarƙa biyu gare shi, alfa daga kuromosom na 14 mai V da J, da beta daga kuromosom na 7 mai V, D da J, kuma RAG da TdT ɗin nan ne suke aikin. Alfa tana da J sama da 50, don haka bambancin bakin ɗinki ya fi ma na antibodi yawa; ana ƙiyasta siffofin da za su yiwu da lamba 1 mai sifili 15 a gabanta ko fiye, adadin da ya ninka yawan ƙwayoyin T na jikin mutum nesa ba kusa ba.

Abin da malalubi yake gani ya bambanta da na antibodi. Kusan kowace ƙwayar jiki tana daddatsa furotin da ke cikinta, ta aza gutsattsarin a kan wani furotin da ake kira HLA, ta baje su a samanta kamar mai talla ta aza kaya a faranti. Malalubi yana duba kayan tare da farantin, abin da Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka nuna a 1974 a Kanbera ta Ostireliya. Ta haka ake gane ƙwayar da bairos ya ɓuya a cikinta, inda antibodi ba ya isa. Horon ƙwayoyin T kuwa a taimos ake yinsa, wani nama mai laushi da ke bayan ƙashin ƙirji a saman zuciya, wanda Jacques Miller ya gano amfaninsa a 1961. Yana da girma a jikin yaro, yana komawa kitse yayin da shekaru suke ja. A can ƙwayar da malalubinta ba ya iya riƙe farantin gida sam mutuwa take yi, domin ba ta da amfani, wadda kuma ta riƙe shi da abin gida a kai da ƙarfi fiye da kima ana kashe ta, domin haɗari ce. Akwai wata sadara mai suna AIRE da ke sa ƙwayoyin taimos su ƙera furotin na wasu gaɓoɓi, kamar insulin, don kawai a gwada ƙwayoyin T da ake horarwa da su. Sama da kashi 95 cikin 100 ba sa fita da rai. Waɗanda suka tsira su ne CD8 masu kashe ƙwayar da ta kamu, da CD4 masu ba da umarni, waɗanda kuke ƙidayawa a jinin masu ɗauke da cutar HIV.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu kafin cuta ta zo yake faruwa. Akwai zagaye na biyu da ƙwayoyin B kaɗai suke yi bayan ta zo, kuma kin sha ganin alamarsa. Yaro ya taka ƙaya, yatsa ya ruru, bayan kwana biyu ko uku ya fara ɗingishi, aka taɓa gindin cinyarsa aka ji kaluluwa kamar ƙwallon dabino, tana zafi. Wannan kumburi taron fararen ƙwayoyin jini ne da suka cika wurin suna hayayyafa. A kwanakin da suka biyo baya, ƙwayoyin B da antibodinsu ya ɗan kama baƙon suna kafa ƙananan sansanoni a cikin kaluluwar, su kunna wani furotin mai suna AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kiyoto ya gano a 1999. AID yana sauya harafin C a daidai yankin da ke ba da bakin gwafa, gyaran da ke biyo baya kuma yana barin kuskure, kusan harafi ɗaya cikin 1,000 a kowace rabuwa, wato kimanin ninki miliyan na kuskuren da ake samu a sauran DNA. Yawancin sauye-sauyen ɓata antibodi suke yi. Amma gutsattsarin baƙon da aka ajiye a sansanin kaɗan ne, ƙwayoyin T masu taimako su ma kaɗan ne, saboda haka wadda kamunta ya fi ƙarfi ita ce take samun abin, ta sami taimako, ta koma ta sake rabuwa, sauran su mutu. Bayan makonni ana wannan tankaɗe da rairaya, antibodin da ke fitowa ya fi na farko riƙo sosai. Wasu ƙwayoyin su koma ɓargo suna zuba shi cikin jini shekaru, wasu su zauna a matsayin masu tuni. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake maimaita wa jarirai allurar rigakafin Penta a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma ya kamata ki iya bayyana wa uwar da ta ga kamar allura ɗaya ta isa.

AID ɗin nan ne kuma yake sauya gindin gwafa ya bar bakinta yadda yake, daga IgM da ake farawa da shi zuwa IgG na jini, ko IgA na hanji da nono, ko IgE da ke yaƙar tsutsar ciki. Malalubin T ba ya shiga wannan zagaye, kuma ina tare da masu ganin hikimar a fili take: ƙwayar da ta ci jarrabawar taimos, idan aka bar ta ta sauya siffa a waje, babu mai sake gwada ta.

Tsarin da ke yanka DNA da gangan yana da haɗari ta fuska biyu. Jaririn da aka haifa RAG ɗinsa ba ya aiki ba shi da ƙwayoyin B da T, ciwo kan ciwo yake yi tun watannin farko, har allurar BCG ta rigakafin tarin fuka tana iya zame masa cuta, kuma dashen ɓargo ne maganinsa. Ɗaya fuskar ita ce ɗinki a wurin da bai dace ba. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara a ƙasashenmu ya san fuskar: kunci ɗaya ya tashi cikin 'yan makonni, haƙora sun yi sako-sako, ido ya turo. A mafi yawan masu ita, wani yanki na kuromosom na 8 mai ɗauke da sadarar MYC, wadda ke umartar ƙwaya ta rabu, ya koma kuromosom na 14 kusa da sadarar babbar sarƙa, wurin da ba ya hutawa a ƙwayar B. Ciwon ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin maimaituwar zazzaɓin tana tsananta aikin AID, ga kuma bairos ɗin Epstein da Barr, wanda aka gano a 1964 a cikin ƙwayoyin wannan sankara, yana hana ƙwayar da ta lalace mutuwa. Tana girma da sauri ƙwarai, amma tana jin magani idan an kawo yaro da wuri.

Tun da an ambaci zazzaɓin cizon sauro, za ki iya tambayar abin da ya sa wannan yalwar siffofi ba ta hana shi dawowa. Ƙwayar falsifarom, mai haddasa wannan zazzaɓi, tana da sadarori kimanin 60 na furotin da take kafawa a saman jajayen ƙwayoyin jini, tana nuna ɗaya a lokaci guda, kafin antibodi ya gama inganta ta sauya wani, kuma jerin nan ya bambanta daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Shi ya sa kariya daga tsananinsa take ginuwa sannu a hankali, bayan kamuwa da yawa.

Saura abu ɗaya da ke biyo bayan duk wannan. Yanka da ɗinkin a ƙwayoyin B da T kaɗai yake faruwa, ba ya taɓa maniyyi ko ƙwan mace, don haka ɗa yana gadon gutsattsari ne da almakashi, sannan ya fara nasa ɗinkin daga farko. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ba su da tarin siffofi iri ɗaya. Abin da uwa take ba jariri, IgG ta mabiyiya da IgA ta nono, antibodi ne ƙerarre wanda ke ƙarewa. Ma'anar wannan ita ce, tunin cututtukan da mutum ya sha yana zaune ne a cikin ƙwayoyi masu rai, babu wani kwafi da aka ajiye. Bairos ɗin ƙyanda kuwa waɗannan ƙwayoyi masu tuni yake shiga. A wani bincike da aka buga a 2019 a kan yara 77 a Holan waɗanda ba a yi musu rigakafi ba, an auna jininsu kafin ƙyanda da bayanta, aka tarar sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara na wasu cututtuka. Wannan yana bayyana abin da ma'aikatan jinya suka daɗe suna gani, yaro ya warke daga ƙyanda amma ya shiga zawo da ciwon huhu watanni a jere. A yaran da aka yi wa allurar rigakafin ƙyanda, binciken bai ga wannan asara ba.